Kafin ka sayi sabon fikof na jita, ka san wanda ya dace da wasan janareto

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kaɗa jitar lantarki. Tun bayan sallah yara uku suka same ni da tambaya iri ɗaya, wai Yaya wane fikof zan saya sautin jitata ya gyaru, ɗayansu ma har ya kai ɗan akuyarsa kasuwar Maigatari ran Alhamis ya sayar ya ƙulle kuɗin yana jiran mai shiga Kano. Shi ya sa nace bari in zauna in rubuta abin da na sani, don wallahi kuɗin nan da gumi ake samunsu, bana son yaro ya zuba su inda ba za su yi masa aiki ba.

Mu nan ƙauyukan Gumel wasanmu a fili ne, ƙofar gidan biki, janareto na ruri a bayan zana, an jawo waya ta kan katanga ba ko wayar ƙasa a jiki, ga cajar waya goma a soket ɗaya da amfilifaya. Duk shawarar da za ka gani a YouTube mutumin a ɗaki mai tsaftatacciyar wuta yake zaune, to abin da ya yi masa daɗi kai yana iya zame maka ciwon kai.

Shi fikof ba wani abin mamaki bane, maganaɗiso ne aka naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe mai kaurin gashi, naɗi dubbai, na jitar Stratocaster yakan kai wajen 8,000. In tsirkiya ta kaɗa a samansa sai ya haifar da 'yar wuta kaɗan, ita amfilifaya ke ƙarawa ƙarfi. Matsalar ita ce naɗin nan baya tantancewa, duk wata wuta da ke yawo kusa sai ya kwaso, wutarmu kuwa tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wannan gurnanin "zuuu" da kake ji da ka ɗauke hannu daga tsirkiya daga nan yake.

Singil koyil, wato mai naɗi ɗaya, shi ne a Stratocaster tun da kamfanin Fender ya fito da ita a 1954, kuma yawancin jitocin 'yan Cana da ke hannunmu kwaikwayonta ne. Ni gaskiya babu sautin da nake so kamarsa, garau yake, kowace tsirkiya da muryarta daban, in kana irin kiɗan 'yan Agadas ɗin nan da yatsu ke gudu ko kana bin waƙar amarya a hankali, shi ke fito da abin tas. Amma shi ya fi kowa kwasar gurnani. Na taɓa wasa a wani biki an ajiye injin kusa da mu sosai sbd wayar ta gajarta, mai waƙa na yin shiru sai kaji zuuu ya cika fili, har wani dattijo ya matso yace ɗana ko sifikar ce ta ƙone, haka na ƙarasa daren ina jujjuya jiki ina neman kusurwar da ƙarar ke raguwa.

Hambaka kuma naɗi biyu ne gefe da gefe, an juya ɗaya ya saɓa wa ɗaya ta yadda gurnanin da wannan ya kwaso wancan zai kashe shi, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙara kauri. Wani injiniyan Gibson mai suna Seth Lover ne ya ƙirƙiro nasu a 1955, a 1957 aka fara sa shi a jitarsu Les Paul. Sautinsa mai nauyi ne, yana daɗewa kafin ya mutu, in ka taka distoshan, na'urar da ke sa sauti ya yi kaushi, baya ihu barkatai. Abin da za ka rasa shi ne wannan ƙyallin na sama, in ka saba da singil koyil za ka ji kamar an ɗan rufa wa sifika mayafi. Akwai P-90 na Gibson tun 1946, kaurinsa tsaka-tsaki ne, daɗi gare shi amma naɗi ɗaya ne shi ma, gurnaninsa ma har ya fi, ga ramin da yake shiga daban, ban ba ɗan ƙauye shawarar sa ba.

Masu batir irin EMG shiru suke kamar me, amma ka yi lissafi. Batir mai 9V suke ci, wanda sai ka je Gumel ko Hadejia kafin ka samu mai kyau, in ka manta kebul a soke a jiki ya kwana yana shan batir, sannan dole a canza duk fot ɗin, wato maƙunnan da ake murɗawa na bolum da sauti, zuwa masu lamba 25k a nemi gurbin batir a jikin katako. In ya yi sanyi tsakiyar wasa sauti ya fara shaƙewa kenan. Na masu kiɗan ƙarfe ne mai tsananin distoshan, ba namu ba.

To me zan saya in ni ne? Kafin komai ka gwada suwic ɗinka na zaɓen fikof mai matsayi biyar, ka sa shi a na 2 ko na 4 injin na kunne. A jitoci da yawa fikof na tsakiya an yi masa naɗi da maganaɗiso a juye, in ya haɗu da na kusa da shi sai su yi aikin hambaka, gurnani ya ɗauke. In naka ya yi shiru a nan, kaga ka samu rabin magani kyauta. In kana son ƙari, zaɓin da na fi yarda da shi shi ne hambaka ɗaya a ƙasa wajen birij, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi, singil biyu a sama, tsarin da ake cewa HSS, irin wanda Yamaha Pacifica 112 ke zuwa da shi. Sai dai ka cire farantin robar ka leƙa ramin da ke ƙasa tukun, wasu jitocin ramin babba ne ɗaya kamar kwami, komai zai shiga sai dai ka canza faranti, wasu kuwa an fafe shi daidai singil ne, sai an sassaƙa. In baka son a taɓa katako akwai hambaka siriri mai girman singil, mai layin ƙarfe biyu kamar reza a sama, irin Hot Rails na Seymour Duncan, yana faɗawa ramin ba gyara.

Maganar maganaɗiso, iri biyu za ka ji ana faɗa, alniko da siramik. Alniko haɗin alminiyam da nikel da kobalt ne, sautinsa ya fi taushi, mai lamba 5 ya fi mai lamba 2 ƙarfi da kaifi. Siramik ya fi arha, in ka kifa fikof ɗin jitar Cana za ka ga baƙin sandansa an manna a ƙasa da gam. Ba wai siramik banza bane, akwai manyan fikof masu tsada da shi aka yi su, amma na arhar nan sukan yi tsini a kunne. Kuma dan Allah ka ari mitar awon waya wajen mai gyaran rediyo ka tafi da ita kasuwa. Singil koyil lafiyayye yana nuna wajen 6k, hambaka irin na da wajen 8k, masu zafi irin JB wajen 16k. In mita bata nuna komai ba wayar ciki ta tsinke, ajiye masa kayansa. Kar kuma mai shago ya ruɗe ka da cewa babbar lamba ita ce mai kyau, yawan naɗi yana ƙara ƙara amma yana cinye ƙyalli.

Nan ne zan ja kunne sosai. Seymour Duncan ko DiMarzio na asali guda ɗaya kuɗinsa na kai-komo wajen dala 100, ka juya shi naira kaga ya fi kuɗin jitar wasunmu. Duk wanda ya miƙo maka sabo a kwali da sunan nan a kuɗin da ko na buhun gero guda bai kai ba, jabu ne. Ni an taɓa yi min a wani shago a birni, rubutun ya yi kyau kamar gaske, na dawo gida na sa, ina ƙara bolum sai fito kamar usur, ashe ko kakin da ake tsoma naɗin a ciki don kar ya yi rawa ba a sa masa ba, mita kuma ta nuna rabin abin da ya kamata. Gara ka sayi Wilkinson ko Artec ko Tonerider da sunansu na gaskiya, matsakaita ne amma sun fi wanda jitar ta zo da shi, ko ka samu na hannu da aka ciro daga jitar gwanjo a Sabon Gari ka auna shi a gaban mai shi. Ka tafi da awon tazarar tsirkiyoyinka ma, daga ta farko zuwa ta shida, don hambakan birij akwai mai wajen milimita 50 akwai mai 52 zuwa 53, na biyun shi ke dacewa da jita irin Fender.

Amma fa abin da na gaya wa mai ɗan akuya shi ne, fikof shi ne na ƙarshe a layi. Na karɓi jitarsa na duba, jak, inda ake soka kebul, yana lilo, fot na ƙarar ƙasa-ƙasa in an murɗa sbd ƙurar hunturu ta cika shi, tsirkiya ta yi tsatsa ta kusa shekara. Ko fikof ɗin zinare ka sa a haka asara ce. Sabuwar tsirkiya mai lamba 9 ko 10, jak mai kauri irin Switchcraft da kebul mai kyau, waɗannan kaɗai sun isa ka ji kamar an wanke maka kunne. Fot kuma ƙa'idarsa 250k ga singil, 500k ga hambaka, in ka sa hambaka ka bar 250k zai yi duhu, kace fikof ne bai da kyau alhali ba laifinsa bane. Na CTS 'yan Amurka sun fi ƙarko amma wuyansu ya fi na Cana kauri, sai an ɗan buɗa ramin.

Sai shimfiɗa a cikin rami, wannan kam arha ce da albarka. Ana manna tef ɗin jan ƙarfe ko takardar alminiyam a duk cikin ramin da bayan faranti, a tabbata duk sun taɓa juna sun haɗu da wayar ƙasa ta jitar. Ba zai kashe gurnanin singil duka ba, amma wannan "zzz" na ƙwan lantarki da caja da inbata mai arha yana raguwa sosai. Ka duba wayar da ta tafi birij ko ƙugiyar sifirin ta baya, in ta cire shi ya sa ƙara bata raguwa ko ka dafa tsirkiya. Wani abu da ya fi sauti muhimmanci, in kana jin wuta na ɗan cizonka a tsirkiya ko a leɓe wajen makirfo, tsaya da wasan nan take, ba laifin jita bane, amfilifaya ce ke yoyon wuta. A samu mai wayarin ya kafa rodin ƙasa ya haɗa da injin, yoyon wutar nan ya kashe mawaƙa a duniya, ba abin wasa bane.

Masu kukan jita na sauka daga tunin, kusan kullum kunnuwan murɗawa ake zargi, alhali nat ne, ɗan farin abin nan da tsirkiya ke bi ta kansa a ƙarshen wuya. In ka ji "ƙis" lokacin da kake murɗawa tsirkiya ce ke maƙalewa a tsagar. Ka goga bakin fensir a ciki tukun. In bai yi ba a canza robar da TUSQ, wani irin nat na kamfani, ko ƙashi, nawa ƙashin ƙafar saniya ne na karɓo wajen mahauci na dafa na kankare kitsen na shanya ya bushe ƙayau, sannan na yi ta gurzawa da fayil kwana biyu, har yau shi ne a jiki. Kunnuwa sai in da gaske suna zamewa za ka saya, Gotoh 'yan Japan ko Wilkinson, ka auna rami don na zamani milimita 10 ne na da kuwa sun fi matsewa. Birij mai sanda kuma in baka amfani da sandar, ƙara sifirin ya zama biyar ko ka cusa ɗan katako a baya ya daina motsi, tunin ya zauna ba ko sisi.

Hunturu na busar da wuyan jita har bakin firet, ƙananan ƙarafan da ke jere a wuyan, ya fito yana yankar hannu, damina kuma ta kumbura shi, saboda haka duk canjin yanayi ka duba miƙewar wuya, in za ka taɓa rodin da ke cikin wuyan, kwatan murɗi kawai kake yi ka jira. Tsayin fikof ma, danne tsirkiya a firet na ƙarshe ka bar tazarar wajen milimita 2 zuwa 2.5, in ya matso da yawa maganaɗiso na jan tsirkiya sauti ya dinga rawa.

Yaron nan dai mun yi masa tsirkiya da jak da fot da shimfiɗa da nat a wuni biyu, Baba mai gyaran rediyo ya yi mana soldarin, kuɗin ko rabi basu tafi ba. Ran Asabar ya yi wasan kamu da ita a matsayi na 4 injin na bayansa. Sauran kuɗin nace ya riƙe zuwa bayan kaka, in har yanzu yana jin sautin ƙasa ya yi masa siriri sai mu shiga Kano tare da mita mu zaɓo siririn hambaka guda ɗaya na birij.