Tallafin kuɗi kai tsaye: yadda yake zuwa wa masu buƙata ta musamman a Kaduna

Shirin tura kuɗi ga gidajen talakawa ya fara da naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a biya 10,000. A 2023, bayan cire tallafin man fetur, gwamnatin tarayya ta sanar da 25,000 a wata har wata uku, jimilla 75,000 ga kowane gida. Tambayar ita ce, makaho a Rigasa ko gurgu a Tudun Wada, me yake samu a ciki?

Ƙofar shiga ita ce rajistar talakawa ta ƙasa. Ma'aikata sukan tara mutanen unguwa, maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci kuma ya lissafa gidajen da ya ga sun cancanta. Sannan a bi gida-gida a rubuta yawan mutane, irin rufi, inda ake ɗebo ruwa, da kadarar da ake da ita, na'ura ta jera su daga mafi talauci. Wannan sashe ya cancanci yabo, domin ya fi jerin sunayen da ke fitowa daga aljihun ɗan siyasa. Sai dai taron a ƙofar mai unguwa ake yinsa. Kurma ba shi da mai fassara masa da hannu, matar da ba ta iya tafiya tana cikin ɗaki, kuma wanda bara ta fitar da shi tun asuba ba ya nan da za a tuna da shi.

Babban aibin yana cikin ma'aunin. Gida ake aunawa, ba mutum ba. Gidaje biyu masu rufin kwano iri ɗaya da mutum bakwai-bakwai za su samu maki kusan ɗaya, alhali a ɗayan akwai yaro mai farfaɗiya da ke shan magani kullum. Naƙasa tana da nata kuɗin: tayar keken guragu da ke cinyewa a titin da ba kwalta, batirin na'urar ji, man kare fata ga zabiya, kuɗin Keke Napep na mutum biyu domin makaho ba ya fita sai da ɗan jagora. Ga uwar da ta bar sana'a saboda jinya. Duk wannan ba ya ƙara ko kwabo a abin da ake biya. Kuma kuɗin hannun mai kula da gida yake shiga, ya narke a masara da kuɗin makaranta kafin a tuna da sandar da ta karye.

Wurin karɓa ma da sauran rina a kaba. Yanzu sai da lambar NIN da asusu. Wanda kuturta ta ci yatsunsa na'urar ɗaukar zane ba ta karanta shi, sai ma'aikaci ya nuna a tsarin cewa yatsun babu, don haka a faɗa masa tun kafin ya fara. Makaho kuwa dole ya ba wani lambarsa ta sirri, mai POS ya cire nasa caji. Dabarar da ta fi rage asara ita ce layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na mai shi, sunan da ke NIN ya dace da na banki harafi da harafi (Muhammad da Mohammed kaɗai kan tsayar da biya), kuma a sa mutum na biyu ya karanta saƙon shigar kuɗi.

Hukuncinmu: a matsayin agajin gaggawa shirin yana da amfani, amma ba zai fitar da mai naƙasa daga talauci ba. Ba doka aka rasa ba. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, Kaduna kuma ta yi tata a 2021. Gyaran da ya rage na cikin aiki ne: wani kaso daban da za a riƙa biya kowane wata da sunan mai naƙasar kansa, rajista a gida ga wanda ba ya iya fita, da haɗa kowane mai karɓa da inshorar lafiya ta KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna. Kuma kada a yanke tallafin ranar da mutum ya samu keken ɗinki bayan koyon sana'a a cibiyar horar da masu naƙasa da ke Kakuri, domin watannin farko, kafin masu kawo ɗinki su saba da shi, su ne lokacin da jarin yake tafiya a cefane.