Manhajar Trello ga masu ƙaramar sana'a a Sakkwato

Jama'a duk mai ma'aikata ko da biyar ne ya gwada Trello, manhajar tsara aiki da ake jera katunan ayyuka a kan allo a cikinta, wallahi tana da amfani. Mu dai aikin fata muke yi, takalma da jakunkuna, kuma burin shagon bana shi ne mu riƙa tura kaya Abuja da Legas ba wai mu tsaya jiran kwastoman Babbar Kasuwa kawai ba. To a saman allo muka rubuta wanga buri, ƙarƙashinsa kowa da katinsa, mai ɗinki ya san jaka nawa za ya gama kafin Jumma'a, mai talla a Facebook ta san nata, yaron da ke kai kaya tasha ma haka, in mutum ya gama sai ya ja katin zuwa layin "an gama" kowa na gani.

Abin da ya fi burge ni, in aikin bai taimaki burin ba nan take za ka gane.

Kamfanin Atlassian ne ya sayi Trello a 2017, kuma akwai ta kyauta. Amma fa sai maigida ya zauna ya koya wa yara da kansa, musamman waɗanda ba su saba da irin wannan a waya ba.