Shagon tura fim ɗin da na samu a Fagge, inda ake neman fim da sunan darakta

Jama'a yau dai bari in ba ku labarin wani shago, don wallahi tun da nake zuwa wajen masu tura finafinai a waya ban taɓa cin karo da irinsa ba. Asalin abin Hajiyarmu ce ta matsa min in nemo mata Mother India, wai tun tana budurwa ta kalle shi kuma tana so ta sake gani, amma ta ce ita fa ba ta son mai fassara, da muryar 'yan wasan take so. Na je shago uku duk maganar ɗaya ce, sai dai sabon siris ko Indiya fassara, wani yaro ma cewa ya yi bai taɓa jin sunan ba. Daga ƙarshe wani mai gyaran waya ya ce min in shiga lungun da ke bayansu akwai wani dattijo, in dai ba shi da shi to in haƙura.

Shagon ƙarami ne sosai, benci ɗaya, kwamfuta biyu, sai fanka. Na gaishe shi na ce Baba Mother India nake nema, bai ko ɗago ba ya ce "na Mehboob Khan kenan, 1957", ya buɗe wata folda mai sunan mutumin. A nan na lura duk kwamfutar haka take. Sauran shaguna kun san yadda suke jera kaya, ga na Shah Rukh Khan, ga na Salman, ga na faɗa, ga na soyayya. Shi Baba da sunan darakta yake jerawa, kuma yayin da fim yake shiga memori sai ya ba ka tarihin mai fim ɗin kyauta. Kafin nawa ya gama shiga na ji cewa Mehboob Khan ya taɓa yin wannan labarin tun 1940 da sunan Aurat, sannan ya sake shi da kala, kuma shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya shiga jerin masu takarar Oscar a ɓangaren finafinan ƙasashen waje. Sai kuma zancen gobara, wutar da aka kunna don ɗaukar fim ta fi ƙarfinsu ta zagaye jarumar fim ɗin Nargis, abokin wasanta Sunil Dutt ya faɗa ciki ya fito da ita ya ƙone, bayan nan suka yi aure a 1958 alhali a cikin fim ɗin ita ce uwarsa. Da na kai wa Hajiya wannan labarin sai da ta ajiye wayar ta yi salati, shekara da shekaru tana son fim ɗin ba ta san wannan ba.

Tun daga ranar na zama ɗan gida, kusan duk Asabar ina can. Kuma gaskiya ya canza min yadda nake kallo, don mu a nan jarumi muka sani, in an ce Sholay sai mu ce fim ɗin Amitabh da Dharmendra, ba wanda zai ce maka Ramesh Sippy. To Baba in ka faɗi haka a gabansa sai ya gyara maka. Shi ya gaya min duwatsun nan na maɓoyar Gabbar, shugaban 'yan fashin fim ɗin, a Ramanagara suke kusa da Bangalore, an ɗau sama da shekara 2 ana aikin, kuma ƙarshen da muka sani ba shi darakta ya fara ɗauka ba. A na farko Thakur, tsohon ɗan sandan da Gabbar ya kashe wa iyali, shi ne ya kashe Gabbar da kansa, hukumar tace finafinai ta ƙi yarda, lokacin 1975 ne ana cikin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, dole aka sake ɗauka aka sa 'yan sanda suka zo suka kama shi. Ni dai tun ina yaro ƙarshen nan bai taɓa gamsar da ni ba, ashe akwai dalili.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne K. Asif. Folda ɗinsa kusan babu komai a ciki, na ce Baba ko ba ka samu sauran ba ne, ya ce ai babu sauran. Mutumin fim 2 kacal ya kammala a rayuwarsa, na biyun shi ne Mughal-e-Azam, ya fara shi tun kafin a raba Indiya da Pakistan, mai zuba kuɗin ya yi ƙaura zuwa Pakistan aiki ya tsaya, aka canza 'yan wasa, sai a 1960 fim ɗin ya fito. Ya rasu a 1971 yana tsakiyar wani aikin bai ƙarasa ba. Ka duba fa, kusan duk ƙuruciyar mutum ta tafi a kan abu ɗaya, kuma har yau ana kallonsa, a 2004 ma aka mai da shi mai kala aka sake haska shi a silima. Raj Kapoor kuma akasin haka, folda cike, tun yana matashi ya kafa kamfaninsa na R.K. a 1948, ya yi suna har Tarayyar Sobiyet, sannan ya zuba duk abin da ya mallaka a Mera Naam Joker, fim mai sama da awa 4 da hutu sau 2, ya fito 1970 mutane suka ƙi shi, bashi ya hau kansa. Da Bobby ya farfaɗo a 1973, ya ɗauko ɗansa Rishi ya ba shi jarumi.

Kada ku ɗauka Indiya kaɗai ce a shagon. Akwai Moustapha Akkad, ɗan Halab ta ƙasar Siriya, wanda ya yi The Message a 1976 da kuma fim ɗin Umar Mukhtar, Lion of the Desert. Kusan duk gidan Bahaushe an kalli waɗannan amma mutum nawa ne suka san sunan mai su? Ni ban san cewa The Message sau biyu aka ɗauke shi ba, ɗaya da Turanci ɗaya da Larabci, kowanne da 'yan wasansa daban, an fara a Maroko aka ƙarasa a Libiya. Akkad ya rasu a 2005 sanadin harin bam da aka kai wasu otal-otal a Amman, shi da 'yarsa. Allah ya jiƙansu.

Sai folda ta Afirka, wadda ita ce ta sa nake ganin wannan shagon ya wuce wajen kasuwanci kawai. A nan na fara sanin Ousmane Sembène na Senegal, lebura ne a tashar jirgin ruwa ta Marseille a Faransa, ya zama marubuci, da ya ga yawancin mutanensa ba sa iya karanta abin da yake rubutawa sai ya tafi Mosko koyon fim yana dab da shekara 40. Ga Oumarou Ganda na Nijar nan maƙwabtanmu, tsohon soja da ya yi yaƙin Indochina, shi ne ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1972. Ga Moustapha Alassane wanda ya yi finafinan zane tun shekarun 1960, ya zauna a Tawa. Kuma ga namu na gida, Adamu Halilu da ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, wanda aka gyara aka haska a bikin finafinai na Berlin a 2018. Na ji ciwo da na gane cewa Turawa sun kalli wannan a babban allo alhali yaranmu da yawa ba su ma san an yi shi ba.

To yanzu inda shagon ya gaza, don ba zan ɓoye ba. Na ɗaya jira. Baba ba ya gaggawa ko kaɗan, in ya kama labari da wanda ke gabanka to sai ya kai ƙarshe, ranar nan na yi fiye da awa ɗaya a tsaye saboda bencin mutum uku yake ɗauka. Ba shi da janareto, in aka ɗauke wuta sai dai ka dawo gobe. Tsofaffin finafinan Afirkan nan kuma wasunsu hoton ya dushe sosai, murya na shaƙewa, wasu da Faransanci suke ba fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, ya kamata ya riƙa gaya wa mutum kafin ya tura ba sai ka je gida ka gani ba. Na faɗa masa haka ya karɓa, har ya canza min ɗaya bai ƙara karɓar kuɗi ba. Kuɗinsa ya ɗan ɗara na sauran shaguna, ni dai ban ga laifin hakan ba. In kuma sabon siris na Turkiyya ko Koriya kake nema kada ma ka wahalar da kanka, ba ya ajiye su.

Akwai wani yaro ɗan makaranta da kullum nake tararwa a shagon yana taya shi jera folda, wai fim yake so ya karanta. Baba yakan ce masa ya dage, ai Quentin Tarantino ma a shagon bayar da hayar kaset ya yi aiki a Kalifoniya kafin ya zama darakta, James Cameron kuma a da direban babbar mota ne. Yaron yana rubuta sunayen a wani ɗan littafi.

Duk mai son zuwa ya je da safe kafin azahar, lokacin ba layi kuma an fi samun wuta, ya tafi da memori mai girma don tsofaffin finafinan Indiya suna da tsawo. Ni Asabar mai zuwa zan koma, ya yi min alƙawarin zai duba min The Message na Larabcin, Hajiya ta ce shi take so mu kalla gaba ɗaya a gida.