Daga Mersin: riɗinmu ya riga takardata isowa

Yaya Alhaji, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an yi kaka lafiya. A gaida Inna, a ce mata ina nan ƙalau.

Ka tambaye ni yadda Turkiyya take. Wuta dai tun da na zo ban ga an ɗauke ta ba sai sau ɗaya, shi ma sai da aka sanar. Ruwa har ɗaki, babu zancen ɗan garuwa. Amma abin da ya fi taɓa ni burodinsu ne mai kamar zobe, simit, wanda ake barbaɗa wa riɗi. Kullum da safe nakan saya a bakin titi, in tsince ƙwayoyin da suka zubo a takarda, in tuna da rumfunan Maigatari ranar Alhamis. Riɗin da muke sayarwa a buhu da ƙasa da tsakuwa, nan injin ke tace shi, a niƙa shi ya zama tahin, a zuba a kwalba mai kyau. Nama kuwa tsada, rago ɗaya a Gumel ya fi nasu daɗi da araha.

Takardar zama ce ta tsaya mini a wuya, wadda suke kira ikamet. Na yi wa kamfani rajista, na kama sito kusa da tashar jiragen ruwa, na biya inshorar lafiya, an ɗauki hoton yatsuna. Doka ta ce a yanke hukunci cikin kwana 90. Yau wata na biyar ke nan, duk ranar da na je ofishin sai a ce ana dubawa. Sharuɗɗan ma sun ƙara tsauri: tun Oktoban 2023, mai neman zama ta hanyar sayen gida sai gidan ya kai dala 200,000, kuma a 2022 an daina yi wa sababbin baƙi rajista a unguwanni fiye da dubu saboda sun yi yawa a ciki.

Wallahi abin yana damuna. Kwantenarmu ta baro Legas ta iso, ni kuwa ina tsoron in taho gida a ce na bar maganar. Don Allah ka tsaya mini a kan awon bana, kada a karɓi mai danshi, kuma a riƙe zoɓon tukuna har in kira ka ranar Juma'a.