Wankin injekta ya yi kyau, amma tsohuwar roba ta kusa ƙona min mota

Motata Corolla ce ta 2003, mai silinda huɗu, ta haura kilomita 240,000, kuma ba na jin kunyar shigarta. Sai dai watannin baya ta tsiro da wani hali. Da safe sai na yi ta murza makulli kafin ta kama, in ta kama kuma ta dinga karkarwa a silo har sitiyari na rawa a hannuna. Mai kuwa kamar tankin ya huje. Na canja fulogi, na canja koyil ɗaya, fitilar cek, wato fitilar gargaɗin matsalar inji, ta mutu kwana biyu ta dawo. Da aka jona na'ura sai ta fitar da P0302 da P0171, wato silinda ta 2 tana tsallake wuta, kuma man da ke shiga injin bai kai yawan iskar ba.

Injekta ita ce ke fesa mai cikin inji. Ruwan wankinta na kwalba, irin mai sinadarin PEA da ke narkar da datti, sau biyu na zuba a tanki. Ba zan ci amanarsa ba, ya ɗan rage rawar, amma dattin da ya shekara ashirin yana ƙafewa a bakin nozil, wato tsinin da mai ke fita, ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa na kai ta wajen wani bakanike mai injin wanki.

Aikin nasa da farko ya burge ni ƙwarai. Ya zaro injektocin huɗu, ya auna kowacce da mita, duk suna wajen om 14 a ma'aunin tirjiyar wutar lantarki, ya ce wutarsu lafiya, matsalar toshewa ce. Sannan ya jera su a kan injin gwaji, kowacce da kwalbar gilashi mai ma'auni a ƙarƙashinta. Uku suka yi feshi kamar hazo. Ta biyu kuwa tsartuwa take yi, siririya kamar zare, kwalbarta ta tsaya can ƙasa da 'yan uwanta. Ta huɗu ma da nata laifin, don ko a rufe take sai ka ga ɗigo na taruwa a bakinta. Ashe ita ce ke zubar da ƙarfin mai cikin dare, shi ya sa motar ke wahalar da ni da safe. Ya tsoma su a ruwan injin wankin, wanda ke kaɗe datti da sauti mai tsuwa, kafin minti ashirin ruwan ya rikiɗe ya koma launin tsatsa. Da aka sake gwaji kwalabe huɗun suka tashi kai ɗaya, ɗigon ya tsaya. Ranar na koma gida ina jin motar kamar an rage mata shekara goma, totur na amsawa da taɓawa ɗaya. Har na fara tallata shi wajen abokai.

Kwana uku tsakani na fara jin warin fetur. Na ɗauka daga wata motar ce a cunkoso. Washegari da yarana biyu a baya, ƙaramin ya ce, "Baba, motar nan tana wari." Na gangara gefe, na ɗaga bonet inji na aiki, sai ga mai na tsattsafowa daga inda injekta ta 3 ta shiga bututun mai, yana gangarowa kan inji mai zafi, ga wayoyin wuta kewaye da wajen. Gabana ya faɗi. Man da famfo ke turowa da ƙarfin da ya kai bar 3 a ma'aunin matsi, ba wasa ba ne. Na kashe ta, na fitar da yaran, muka tsaya nesa.

Da aka jawo ta garejin ya zare injektar, robar da ke toshe wuyanta ta fito a daskare, ta baje, ga tsaga a gefe. Tsohuwar ce ya mayar, dukkansu ma tsofaffin ne. Na ce, "Malam, ba ka canja robobin ba?" Ya ce, "Yallaɓai, ai da na duba su lafiyarsu ƙalau." Roba mai shekara ashirin, wadda zafi ya gasa har ta koma kamar filastik! Duk wanda ya san aikin nan ya san in an cire injekta sabuwar roba ake sakawa, a shafa mata ɗan baƙin mai mai tsabta don kada ta yage wajen turawa, sannan a kunna mota a tsaya a duba ko akwai yoyo. Ko ɗaya bai yi ba. Abin da ya fi ci min rai, robobin nan su ne mafi araha a duk aikin, da ya ce in sayo ko tsayawa ciniki ba zan yi ba.

Daga baya ma na tuna 'yan ƙananan matatan da ke saman injektocin bai canja su ba, kuma bai ce min komai kan filtar mai ba, wadda a wannan motar tana cikin tanki tare da famfo. In ita ce ke sako datti, to aikin baban giwa aka yi.

Ya dai saka sababbin robobi bai karɓi kuɗin aiki ba, ya kuma ba da haƙuri, wannan na yaba masa. Yau wata biyu motar na kamawa da murɗa ɗaya, fitilar cek ba ta dawo ba, shan mai ya ragu sosai. Wankin injekta da inji dai ya fi na kwalba nesa ba kusa ba ga tsohuwar mota. Amma shi kam ban ƙara tura masa kowa ba, kuma har yau duk safiya sai na ɗaga bonet na shinshina kafin yara su shiga.