Ragar kai ta saƙar sprang: tsakiyarta ta ba ni kunya a gidan suna

'Yan uwa, duk wadda za ta sayi ragar kai ta saƙar sprang, wato wata tsohuwar saƙar hannu ta sarƙa zare, ta fara juya ta ta duba tsakiyarta kafin ta biya. Tawa ta auduga ce, ruwan goro, na yi odarta ta intanet a wajen wata mai sayar da kayan saƙar hannu.

Da ta iso na yi murna ƙwarai. Babu roba ko kaɗan a jikinta, amma in kin ja sai ta buɗe, kina saki ta koma yadda take. Ta zauna daram a kan kitsona, ba ta matse min goshi, iska na ratsawa ko da na ɗora ɗankwali. Ita wannan saƙa ba ta da zaren kwance. Zaren tsaye kaɗai ake ɗaurawa a jikin katako a riƙa sarƙa shi da yatsu, duk murɗar da aka yi a sama irinta ke fitowa a ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. Ragar gashi irin wannan aka tono a kabarin wata mata a Borum Eshøj, ƙasar Denmak, mai shekara sama da 3,000, kuma matan Kibɗawa na Masar sun yi ta sa irinta. Wannan ne ya ja ni tun farko.

To amma wannan tsakiyar ita ke riƙe da komai, in ba a kulle ta da kyau ba aikin ya tashi a banza. Tawa da wani siririn zare aka zarge ta, ƙulli ɗaya tak! Muna gidan suna, na zame ɗankwali zan yi shafar kai a alwala, sai na ji ɗas. Kafin in ɗago hannu saƙar ta kama warwarewa ta gaba da ta baya lokaci guda, zaruruwa suka zubo min har kafaɗa, wasu suka maƙale a jelar kitso. Ƙanwar mijina ce ta tsaya tana tsince min su ɗaya bayan ɗaya, mata na kallo. Wallahi raina ya ɓaci.

Na tura wa mai kayan hoto, amsarta wai ai haka saƙar take. A'a, Hajiya, ba haka take ba. Masu iyawa suna sarƙe layin tsakiya ko su zura igiya mai kauri su ɗaure tamau.

Har yanzu ina yaba hannun wadda ta saƙa, layukan sun tafi daidai babu kuskure, kuma ban taɓa sa abin da ya yi wa kaina daɗi kamarta ba. Sai dai kuma na tuna wankin farko ma ta zuba, ta ɓata min farin hijabi, na yi shiru. Yanzu kuma wai in mayar a gyara, amma kuɗin aike zuwa da dawowa duk a kaina. Ban tura ba.