Kwalkwali mai gashin baki: Kumanawan da na tarar a Kingdom Come: Deliverance

Wata biyu na yi ina buga wasan nan a kwamfuta, yawanci bayan isha'i idan an dace da wuta. Ya fito tun 2018, daga wani kamfani da ke birnin Prag, amma ni sai bana na kai gare shi. Labarin yana faruwa ne a ƙasar Bohemiya a shekarar 1403, lokacin da Sarki Sigismund na Hangari ya tsare ɗan'uwansa Wenceslas, sarkin Bohemiya, ya shigo ƙasar da runduna. Kai ne Henry, ɗan maƙeri a garin Skalitz mai ma'adinin azurfa. Kafin ka gama aiken da mahaifinka ya yi maka, mahaya sun afka wa garin. Su ne Kumanawa, wata ƙabilar makiyaya mahaya dawaki da ke cikin rundunar Sigismund, kuma saboda su na zauna rubuta wannan sharhi.

Ganin farko da na yi musu sai da gabana ya faɗi. Kwalkwali mai tsini, a gabansa fuskar ƙarfe da hanci da gashin baki, ba ka ganin komai na mutum sai ramukan ido. Na ce a raina wannan ƙirƙirar masu zane ce kawai don tsoratar da yara. Ashe ni ne ban sani ba. Kwalkwalin gaskiya ne. An tono irinsa a kaburbura a Lipovets da Kovali, cikin ƙasar Yukren ta yau, kuma duk wanda ya ga hotonsu zai gane daga nan aka kwafo na wasan, har lanƙwasar gashin bakin.

Matsalar ita ce shekaru. Waɗannan kwalkwalaye ana danganta su da ƙarni na 12 zuwa na 13, zamanin da Kumanawa ke yawo da dabbobinsu a makeken filin da ke arewa da Baƙin Teku. Ko a can ma masana ba su haɗu a kan cewa nasu ne su kaɗai ba, domin wasu suna jingina su ga wasu makiyaya maƙwabtansu da ke yi wa sarakunan Kiyef aikin soja. Sannan kayan manya ne, ba abin da kowane ɗan baka zai kifa a kai ba ne. To, su kuwa Kumanawan 1403 fa? Kakanninsu sun sha kashi a hannun Mongol a bakin kogin Kalka a 1223, shugabansu Koten ya kai su gudun hijira Hangari a 1239, Sarki Bela na huɗu ya karɓe su. An kashe Koten a 1241, suka fice cikin fushi, daga baya aka dawo da su aka ba su filaye. Har sarki suka haifa wa ƙasar: Ladislas na huɗu, wanda ya yi mulki daga 1272 zuwa 1290, mahaifiyarsa Bakumaniya ce. Ke nan ranar da aka ƙone Skalitz sun haura shekara 150 suna zaune cikin Hangari, suna ciniki da auratayya da mutanenta. Wasan da kansa ya yarda da haka ta wani gefen, tunda da harshen Hangari suke zaginka. Baki na 1403, kai na zamanin kakan kaka. Kamar ka shirya fim a kan yaƙin basasa ka sa wa soja lifidi.

Zane-zanen Hangari na ƙarni na 14, har da na bangon coci-coci, suna nuna Bakumane da doguwar riga mai zagayowa a ƙirji, da hula mai tsini, da baka a hannu, sau da yawa ya waiwayo yana harbi daga kan doki. Akwai masu irin wannan shiga a wasan, kuma su suka fi kama da gaskiya a idona, ko da yake ba su ake sawa a hoton talla ba.

Takobinsu ban da ta cewa a kansa. Mai ɗan lanƙwasa ne, kaifi ɗaya, an yi shi don sara daga sama yayin da doki ke gudu, ba kamar namu miƙaƙƙe ba. Abin da ya burge ni shi ne wasan bai yi masa alfarma ba. Ka sari mai riga da shi, ya faɗi. Ka sari mai farantin ƙarfe a ƙirji, sai ka ji ƙara kawai, gara ka ɗauko kulki. Haka sulken zobe, irin wanda muke gani a jikin mahaya ranar hawan sallah, yana cikin abin da aka samu a kabarin wani babban Bakumane a Csolyos cikin Hangari, tare da kwalkwali da likkafu da kawunan kibau.

Inda na fi jin an rage musu hakki shi ne baka. Bakan mutanen nan haɗi ne: itace a tsakiya, ƙaho ta ciki, jijiyar dabba ta waje, a manne da danƙon da aka dafa, a bar shi watanni ya bushe. Gajere ne amma ƙarfinsa ya fi girmansa, shi ya sa ake iya juya shi a kan sirdi. Da babban yatsa mahaya irinsu suke jan tsirkiya. Wasan yana da wannan baka, siffarsa daidai, kuma na ji daɗin yadda babu alamar saiti a allo, hannu yana rawa, sai ka yi ta zubar da kibau kafin ka iya. Amma baka rabin makamin ne. Ɗaya rabin doki ne. A farkon wasa, lokacin da kake gudu daga Skalitz zuwa ganuwar Talmberg, sun biyo ka a kan dawaki suna harbi har kibiya ta same ka a ƙafa, na ce yawwa, ga su nan. Daga nan kuma shi ke nan. Duk inda na ƙara haɗuwa da su, a ƙasa suke, a sansani cikin daji ko a bakin hanya, suna tunkaro ni da takobi da garkuwa kamar kowane ɗan fashi. Alhali mutanen Bohemiya sun san su da wani abu daban: a yaƙin Marchfeld na 1278, inda sarkin Bohemiya Ottokar na biyu ya mutu, aikin Kumanawa shi ne su zagaya da gudu, su yi ruwan kibau a kan masu nauyin ƙarfe, su janye, su dawo.

Na fahimci dalili. Faɗan wasan an gina shi ne a kan mutum da mutum, takobi da takobi, kuma da an saki mahaya biyar suna kewaye ɗan maƙeri da kibau, babu mai kaiwa mako yana bugawa. Duk da haka mai wasa zai tashi yana zaton su 'yan ta'adda ne masu rufe fuska kawai. Ba zai san cewa daga cikin jama'ar nan, waɗanda littattafan Larabawa ke kira Kifjaƙ, aka sayo yaron da ya zama Sultan Baibars na Masar ba, wanda ya yaƙi Mongol a Ain Jalut a 1260.

Zan ba wa mai son tarihi shawarar ya saya, muddin kwamfutarsa na da ƙarfi, kuma ya san akwai zagi da wasu wuraren da ba na yara ba. Ni dai kwalkwalin nan da na gama kushe shekarunsa, shi na sa ranar da na lallaɓa sansaninsu a Pribyslavitz, ina leƙe ta ramukan ido, ina addu'ar kada wani ya yi mini magana da Hangaranci.